Abin da shekara bakwai a ɗakin malamai ta koya mini

Ranar Juma'a na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje, na kwashe littattafaina. Shekara bakwai ina koyar da kimiyya a makarantar nan, ba wanda ya san tun ina jami'a na daina imani da kowane addini. In an kira Azahar sai in bi sahu, ko in fake da duba takardun yara. Da azumi kuwa ko ruwa ba na kurɓa a gaban kowa.

Kuskurena guda ne, kuma bakina ne ya ja mini. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kotu a Kano ta yanke wa Mubarak Bala, wani da ya fito fili ya ce ya bar addini, ɗaurin shekara 24 kan abin da ya rubuta a Facebook da aka ce ɓatanci ne ga addini. Ana ta hirar a ɗakin malamai, wani ma cewa yake an yi masa sassauci. Ni da na saba kama bakina, sai kawai na ji na ce, "Shekara 24 a kan rubutu?" Ɗakin ya yi tsit. Wanda muke cin abinci kwano ɗaya da shi ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma ka fara ne?"

Shugaban makaranta bai taɓa kirana ya tambaye ni komai ba, kuma abin da har yau yake ci mini rai ke nan. Zango na zagayowa aka karɓe ajin ƙarshe daga hannuna, wai iyaye sun yi ƙorafi. Ƙorafin me, oho. Yaran da na yi shekara biyu ina shiryawa don jarrabawar WAEC aka damƙa wa wani. In mun haɗu da shugaban sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, Allah ya shirye mu." Da korata ya yi kai tsaye da ya fi mini sauƙi.

Da kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara 5 a 2024, ba wanda ya ta da zancen, ni ma ban tanka ba.

Ga mai irin halina: hirar ɗakin malamai ba wurin bayyana ra'ayi ba ce. Ka yi ajiyar albashin wata uku. Kada ka rubuta komai da sunanka.

Jiya wata tsohuwar ɗalibata da ke karatun likita a Zariya ta bugo waya ta yi mini godiya, har da addu'a mai tsawo. Na ce amin.