Tace hotunan alhazai kafin a wanke

Shagon hoto gare ni a Kano, ni da yara biyu, muna wanke hoto muna haɗa albam, kuma duk shekara da zarar jiragen alhazai sun fara sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano bayan babbar sallah to mun san aiki ya zo. Da can hoto biyar ko shida alhaji ke dawowa da shi, yanzu kuwa waya ce cike taf, wani zai miƙo maka hoto sama da dubu ya ce a wanke masa masu kyau.

Albam ɗin da muka fi yi hoto 40 zuwa 60 yake ci, don haka tacewar ita ce ainihin aikin, wankewa ai inji ne ke yi. Da kebul nake kwashe komai zuwa kwamfuta ko ta Xender, bana yarda a turo min ta WhatsApp saboda yana matse hoto, a waya ka gan shi tas amma a takarda duk ya fashe. Sai in fara cire waɗanda hannu ya girgiza da waɗanda aka turo masa daga guruf, sannan maimaici wanda shi ya fi yawa, mutum ya tsaya gaban dogon agogon Makka ya danna sau ashirin, ɗaya kawai zan bari.

Abin da ya rage sai in jera shi yadda tafiyar ta gudana, Madina da koriyar ƙubba, masallacin Ƙuba, dutsen Uhudu, sannan Makka, tantunan Mina, yinin Arfa, kwanan Muzdalifa. Ni dai a wurina hoton gini zalla babu mutum a ciki bai cika cin gurbi ba, akwai wanda ya fi shi kyau a intanet, amma fuskar mahaifinka cikin harami a gajiye yana murmushi ba inda za ka samo ta.

Zagayen ƙarshe kam bana yin sa ni kaɗai, sai mai hoto ya zauna kusa da ni. Wata dattijuwa ce ta koya min haka, na gama tace nata sai ta ce ɗana ina na cikin tanti? Na riga na cire shi don ya yi dishi-dishi, ashe matar da ke gefenta a hoton ita ta riƙe mata hannu ranar jifa cikin cunkoso, ba jiharsu ɗaya ba kuma ba su karɓi lambar juna ba. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, na dawo da shi. Tun ranar bana goge komai, wuri daban nake ware su har sai mai su ya gani da idonsa.

Wannan hoton na cikin tanti ƙarami na wanke mata, inci 4 da 6, don kada dishin ya fito sosai, ta ce a sa shi a shafin farko.