Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: A Ƙarƙashin Giwa Mai Fiffike

Makon jiya mun tsaya a inda na ajiye alli na bar koyarwa, na kama aikin akawun tikiti a ofishin Nigeria Airways na Sakkwato, ƙarshen shekarun 1970. Gida an yi murna, domin a wancan zamani duk wanda aka gani da tambarin giwar nan mai fiffike a aljihun riga, ana yi masa kallon wanda ya kama dahir.

Na tarar da wani dattijo a ofishin, mutumin Gwadabawa, Baba muke ce masa. Ya fara aiki tun kamfanin yana amsa sunan WAAC Nigeria, wanda aka kafa a 1958, kafin a mayar da shi Nigeria Airways a 1971. Shi ya ɗora mini aikin da ba ya cikin takardar ɗaukata: in riƙa rubuta a wani littafi inda kowane fasinja zai ƙare tafiyarsa, ba inda zai sauka daga jirginmu kaɗai ba. Da littafin ya yi nisa sai ya kira ni.

"Yaro, mi kag gani cikin wanga littahi?"

"Ranka shi daɗe, sunayen garuruwa."

Ya sa yatsa ya bi layi-layi. Ashe da yawa daga masu sayen tikitin Kano ba Kano za su tsaya ba. Ɗalibai ne masu tafiya Ingila karatu, 'yan kasuwa masu nufin Jidda, ma'aikatan gwamnati masu zuwa Legas taro. Ya ce in aka auna hanyar Sakkwato ita kaɗai, mai lissafi zai iya cewa a rufe ta, amma ita da irinta, su Maiduguri da Yola da Jos, su ke cika babban jirgin da ke tashi daga Kano zuwa Landan. Ranar na fahimci cewa tsara hanyoyin jirgi ba zanen layi ba ne a kan taswira, sanin mutane ne da dalilin fitowarsu daga gida.

Jirgin da ya dace da mu shi ne Fokker F28, ɗan ƙasar Holan, wanda ko mafi tsawonsa bai wuce kujera 85 ba. Yana cika da wuri, bai da cin mai irin na manya. Kamar dai tashar mota ne: ƙaramar mota ta cika ta tashi ta dawo, doguwar bas tana nan tana jiran lodi. Amma mu Najeriya lokacin kuɗin fetur ya buɗe mana ido, kowa babba yake so. Kamfanin ya tara Fokker F27 da F28, da Boeing 707 da 727 da 737, da DC-10, sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka kawo Airbus A310. Kai, DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya ma mu muka karɓe shi, a 1989. Jirage kusan 30 a lokacin ganiya, abin alfahari ne, kuma na yi alfaharin. Sai dai kowane samfuri da nasa matuƙa, da nasa injiniyoyi, da nasa ɗakin kayan gyara. Matuƙin Fokker ba ya hawa Airbus sai ya koma horo. Ƙaramin ƙarfe ya lalace a wannan, ba za ka ciro na wancan ka sa ba.

An kawo Turawan KLM, kamfanin jiragen sama na Holan, su riƙe ragama daga 1979 zuwa 1981, suka yi nasu suka tafi. Abin da ya karya lissafi shi ne faɗuwar naira daga 1986. Muna sayar da tikiti da naira, kayan gyara da inshora da kuɗin sauka a ƙasashen waje kuwa sai da dala. Ga kamfanonin jiragen sama na 'yan kasuwa, su Okada da Kabo, sun shigo kasuwa. Ƙananan jirage suka ɓace, 737 ya zama jirgin cikin gida, shi kuwa ya haura kujera 100. Garin da ke cika Fokker ba lallai ya cika shi ba, kuma jirgin da ba ya cika shi ake fara rage wa kwanaki. Ƙara da hazon hunturu da ke rufe sararin Sakkwato da Kano, sai mutane suka koma mota ta Gusau da Funtuwa.

Sai lokacin hajji. Jihar Sakkwato ta wancan lokaci ta haɗa da Kebbi da Zamfara, saboda haka alhazan Argungu da Birnin Kebbi da Talatar Mafara duk nan suke taruwa. A makonni kaɗan ake buƙatar kujerun da ba a buƙata a sauran shekara, shi ya sa ake hayo jirage daga waje. Ranar Alhamis, 11 ga Yulin 1991, wani DC-8 da aka hayo daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda da alhazanmu, Sakkwato zai sauka. Bincike ya nuna akwai ƙarancin iska a tayoyinsa. Suka fashe yana gudun tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Ya juyo zai sauka bai kai ba. Mutum 261, babu wanda ya fita. Na ga mutanen ƙauye da suka yo shatar mota don taryen iyayensu, na ga yadda suka koma. Allah ya jiƙan su, ya karɓi hajjinsu. Ajali ne, na yi imani da haka. Amma tun ranar nake riƙe da ra'ayin cewa ƙasar da ta san hajji na zuwa kowace shekara, ya kamata ta sa shi a tsakiyar lissafin jiragenta, ba a gefe ba.

Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. Abin da ya biyo baya ya fi ba ni takaici a matsayina na ɗan ƙasa. Virgin Nigeria ya fara a 2005, ya koma Nigerian Eagle a 2009, ya koma Air Nigeria a 2010, ya tsaya a 2012. A Yulin 2018 aka je bajekolin jiragen sama na Farnborough a Ingila aka nuna tambarin Nigeria Air, sabon kamfanin jiragen da gwamnati ta yi shirin kafawa, kafin a sami jirgi ko ɗaya. A Mayun 2023 aka kawo jirgin Habasha Abuja da fentin sunan a jikinsa, daga baya aka dakatar da shirin. Su kuwa Habashawan tun 1946 jirginsu ke tashi, ya ratsa mulkin sarki da na soja da yaƙi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ban ƙi sabon suna ba, amma tambayoyin Baba nake so a fara amsawa: wane jirgi, kujera nawa, zuwa ina, wa zai gyara shi, da wane kuɗi? Kuma wa zai kai ɗan Illela ko Wurno inda babban jirgin yake?

Littafin nan shi ya zama jarina bayan an rufe ofis, domin na san wa ke tafiya, yaushe, kuma don me. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na kama ɗan shago na fara sayar da tikiti da kaina, da abin da uwargida ta ce ranar da na nemi aron kuɗin adashenta.