Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tambayi Ƙarfe

Makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni ɗakin ajiyar makamai ƙarƙashin Baba Saje, Allah Ya jiƙansa. Shekarun nan ba zan iya jera muku su ba, sun narke cikin warin mai da kananzir. Maganarsa guda ce ta zauna mini: "Yaro, rajista hannun mutum ne ya rubuta ta. Tambayi ƙarfe." Tsohon sojan yaƙin Bama (Burma) ne, da runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma ya tafi, kuma bindigar da ya riƙe a can ita ce cike da ɗakinmu, wato Lee-Enfield mai harsashi .303, mai cin guda 10.

Kowa "Mak Fo" yake ce mata, kuma kuskuren farko ke nan. Iri biyu ne manya. No. 1 Mk III, wadda aka fara a 1907, katakonta ya kai har baki, hancinta a dakushe, abin saitinta a tsakiyar bututu. No. 4 kuwa ta yaƙin duniya na biyu ce, bututunta ya leƙo waje, abin saitin yana can baya kusa da ido. Huɗun nan lambar samfuri ce, ba Mak ba; Mak shi ne Mk ɗin da ke biyo bayan lambar.

Kafin komai a cire gidan harsashi, a ja sakata, a leƙa a tabbatar babu komai ciki. Don karanta alamun da aka buga a jikin ƙarfe, sai a goge wurin rubutun da tsumma da kananzir, a goga alli, a share sama-sama, a haska tocila daga gefe. Samfefa da magagari kada su kusanci wurin. Rubutun No. 4 na lokacin yaƙi sau da yawa ba shi da zurfi, gugar minti ɗaya ta isa ta tafi da shi har abada.

A No. 1, duba zoben ƙarfen da ya haɗa gindi da jiki, ta dama, ƙarƙashin hannun sakata. Kambi ne a sama, sai E.R. idan zamanin Sarki Edward ne, ko G.R. na Sarki George daga 1910, sai sunan masana'anta: ENFIELD, BSA ko LSA, duk na Ingila. Ta Ostareliya kuwa sunan Lithgow take ɗauke da shi. Ta Ishapore a Indiya G.R.I. take ɗauke da shi, bayan 'yancin kai ta koma R.F.I. A ƙasan wannan akwai shekarar ƙira, sai III. In ka ga tauraro a gefen III, samfurin da aka sauƙaƙa ne a tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya don a ƙera da sauri. Lambar bindigar tana maimaituwa tsakanin masana'antu da shekaru, shi ya sa wanda ya rubuta lamba kaɗai a rajista bai rubuta komai ba. Dole a haɗa da harafin gaba, da masana'anta, da shekara. Na yi ta faɗar haka har aka sa mini suna mai taurin kai.

A No. 4 rubutun ya koma hagu, kuma lambar kanta tana magana. A na Ingila na lokacin yaƙi, bayan harafi, in adadin ya fara da 1 masana'antar Maltby ce, 2 Fazakerley, 3 kuma BSA ta Shirley, wadda alamarta M47C. Harafin L a tsakiyar lamba na Long Branch ne a Kanada. Harafin C na Savage ne a Amurka, kuma za ka ga U.S. PROPERTY a jikinta. Waɗannan biyun su suka ƙera Mk I mai tauraro, wadda ake fitar da sakatarta ta wani ɗan yanka a layin da take bi. Mk 2 ta 1949 kunamarta a jikin ƙarfe take rataye, kumburin katako ba ya taɓa ta.

Yanzu abin da har gobe yake ci mini rai. Lambar da ke jiki dole ta zama ita ce a bayan hannun sakata, domin kowace sakata da bindigarta aka daidaita ta. Kan sakatar No. 4 ma girma huɗu ne, daga 0 zuwa 3. Ma'auni biyu muke sa wa: ta rufu a kan na inci 0.064, ta ƙi rufuwa a kan na 0.074. In ta rufu a kan na biyun, gibi ya yi yawa, kwanson harsashi zai miƙe ya tsage, hayaƙi mai zafi ya dawo fuskar mai harbi. Wani babba, ba zan kama suna ba, ya sa aka zuba sakatu kusan talatin cikin baho ɗaya aka wanke saboda masu duba za su zo, aka mayar da su yadda aka ga dama. Rajista ta ce komai daidai. Kwana huɗu na yi ina haɗa kowace da tata, kuma ni aka rubuta wa takardar jinkiri. A lokacin Baba Saje ya riga ya rasu, amma muryarsa nake ji: tambayi ƙarfe.

Ƙananan alamun ma kada a raina su. Kibiya mai ƙafa uku shaidar kayan gwamnatin Ingila ce. Biyu suna fuskantar juna baki da baki, an sayar da ita daga aikin soja. Kibiya cikin C ta Kanada ce, tsakanin D biyu ta Ostareliya. FTR da shekara na nufin an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya, don haka kada ka yi mamakin sabon bututu a tsohon jiki. S, L ko B a saman katakon gindi tsawonsa ne kawai. DP kuwa ta fareti ce zalla, ba a sa mata harsashi ko da ta fi kowace sheƙi. Na sha kankare fenti da farce na tarar da DP a ƙasa.

Akwai kuma 2A1 ta Ishapore, mai kama da No. 1 sak, amma harsashinta 7.62 ne, gidan harsashinta mai kusurwa. Da jabun da maƙeran Khyber, a iyakar Pakistan da Afghanistan, ke bugawa, inda za ka ga V.R. da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar Sarauniya Victoria ta mutu, ko N ɗin ENFIELD a juye.

Na so in kawo maganar auren Yaya Babba yau, wuri ya ƙure. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.