Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bargon da Aka Rasa Kuɗin da Za a Rubuta Masa

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a daidai inda aka gama addu'ar arba'in ɗin Inna, kakata ta wajen uba, baƙi suka watse, gidan ya yi shiru. Zannuwanta masu kyau an raba, wasu an bayar sadaka. Abin da ya rage a kuryar ɗakinta shi ne wata tsohuwar adaka mai tsatsa a gindi, wadda kowa ya buɗe ya leƙa sai ya mayar ya rufe. Ranar da za a share ɗakin Umma ta ce da ni, "Ke mai son tarkace, ga gadonki nan. In ba kya so a kai bola."

Ƙyallaye ne cike da ita. Inna ba ta taɓa yarda tela ya riƙe mata ragowar yadi ba, ko da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta ƙulle su ƙunshi-ƙunshi, kowanne da igiyarsa. Ina kwance na farko ƙanshin Bint El Sudan ya bugi hancina, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata kafin na iya ci gaba. Akwai guntayen saƙi, akwai tsamiya mai launin ƙasa, akwai farar shadda da ta fara komawa ruwan madara, da wuyan wata babbar rigar kakanmu da aka yanke, rabin askar surfaninta na nan. Mafi yawa dai atamfa ce 'yar Kaduna. Yaran yanzu ba su san ta ba. Masaƙar KTL da ke Kakuri tun 1957 take aiki, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007. Yau in ka shiga Kantin Kwari yawancin abin da za a shimfiɗa maka daga Sin aka kawo shi. Waɗannan na adakar kuwa, auduga ce zalla, ta sha wanki ta yi laushi, amma launin bai gudu ba.

Wanda ya bi labarin nan daga farko zai tuna abin da ya faru a kashi na 4, ranar da Baba ya tarar na zana fuskar ƙanwata a bayan littafin lissafi. Bai doke ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ki zana duk abin da kike so, ban da mai rai." Daga ranar na koma kan bango da ƙofofi. Wanda ya taso cikin birnin Zariya ba zai rasa abin kallo ba: zankwaye a saman soraye, dagi a goshin zaure, zanen da magina ke fitarwa da hannu tun laka tana ɗanya. Na kuma daɗe ina leƙen wani malami a unguwarmu mai yi wa allon 'yan sauka zayyana, yadda yake raba fuskar allo gida-gida kafin ya ɗora ja da kore da ruwan ɗorawa. A wurinsa na fahimci cewa kafin launi akwai awo.

Wani lokaci in na samu kuɗin mota nakan je Samaru in ga abin da ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello suka baje. A can na ji labarin ƙungiyar da ɗalibai suka kafa a 1958, tun makarantar ba ta zama jami'a ba, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka dage cewa ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, sai sun haɗa da fasahar garuruwansu. Abin ya burge ni. Sai dai burgewa ba ta sayen fenti. Ƙaramin bututu ɗaya na fentin mai ya fi kuɗin cefanen yininmu, kuma ko na zana, wa zai rataya? A ɗakunanmu abin da ake ratayawa sananne ne: Ayatul Kursiyyu cikin gilashi, hoton Ka'aba, kalanda, agogo. Zanena duk a ƙarƙashin gado suke ƙarewa.

To ana cikin haka aka sa ranar auren ƙanwata, wata biyu. Ni kuwa lokacin koyarwa nake a wata makarantar kuɗi da ke riƙe mana albashi, wata uku ba mu ga ko sisi ba. Ni ce babbar yayarta, dole a ga hannuna a gudummawa. Na kwana ina juyi. Wajen asuba idona ya sauka kan adakar.

Abin da na ƙudurta shi ne in ɗinka mata bargo mai zanen zauren gidan Inna, amma da ƙyalle maimakon fenti. Na samo kwalayen sukari na yanka su murabba'i da kusurwa uku, su ne ma'aunina. In ɗora kwali a kan ƙyalle, in zagaye da alli, in bar bakin ɗinki kamar faɗin ɗan yatsa, in sa almakashi. Jajayen atamfa da masu ruwan ƙasa suka zama bango. Saƙin ya zama ƙofa, don duhunsa. Farar shaddar na ware ta ta zama sama. Wuyan rigar kakanmu na dasa shi a kan ƙofar, inda magina ke sa ado. Keken Umma ƙirar Butterfly, mai takawa da ƙafa, shi ya haɗa manyan sassan.

Dagin ne ya kusa sa ni hauka. Layi miƙaƙƙe ba wuya, amma dagi lanƙwasa ne, wannan ya bi ta saman wancan, wancan ya kutsa ta ƙarƙashin wannan, ba ka ganin farkonsa balle ƙarshensa. Sau uku ina farkewa. Duk sanda na lanƙwasa tsirin ƙyallen sai ya tattare kamar bakin jaka. Wani tsohon tela a bakin kasuwa ne ya cece ni. Ya karɓi ƙyallen ya ja shi ta tsaye, bai motsa ba. Ya ja ta kwance, haka. Sai ya kama kusurwa da kusurwa ya ja, ƙyallen ya miƙe kamar roba. Ya ce, "Kin gani, 'yata? A karkace za ki yanka shi, sai ya bi ki duk inda kika juya." Wannan darasi na minti biyu har yau da shi nake cin abinci.

Bargon hawa uku ne: fuskar da na haɗa, tsohon gwadon Inna a tsakiya don ya yi kauri, sai baya. Bayan ne na ce sai na shuni. Na sayi alawayyo yadi uku na hau mota zuwa Kano, marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke ƙirga tarihinta daga 1498. Na tsaya ina kallon yadda ake tsoma yadi a rijiyar da aka jiƙa baba da toka, a ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa yana zama shuɗi a gaban idonka. A tsoma, a ɗago, a sake tsomawa. Da aka gama na kai wa mabuga suka dake shi da sanduna har ya yi ƙyalli. Marinin ya ce mini, "Malama, in za ki haɗa shi da fari, ki ɗauraye shi har sai ruwan ya fito garau." Na ce to. A zuciyata kuwa ƙyallin nan nake jin tausayi. Na tsoma shi a ruwa sau ɗaya, sama-sama, na shanya.

Mako uku na yi ina ɗinkin hannu, allura na ratsa hawa ukun nan, layi bayan layi, tazarar yatsu biyu tsakani. In wuta ta ɗauke in kunna fitilar ƙwai. Kan ɗan yatsana na tsakiya ya fashe, na naɗe shi da guntuwar fata da na roƙa wurin baduku. Saura kwana tara biki na yanke zaren ƙarshe. Sai na ce bari in wanke shi alli ya fita.

Wayyo. Ina dannawa cikin baho ruwan ya koma baƙi-baƙi. Na fizgo shi da sauri, amma aikin gama ya gama. Shunin ya ratso ta ramukan allura ya bi farar shaddar Inna, dabbare-dabbare, wani wuri duhu, wani wuri haske. Ni da na san turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa yana rina musu fuska da wuya, ban san me ya shiga kaina ba. Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Na shanya shi a igiya na zauna a kan turmi ina kallonsa.

Umma ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tsaya ta daɗe. Ta ce, "Da can saman rani kika yi. Yanzu hadari ya haɗo. Mene ne abin zaman makoki?" Ta koma ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Da ya bushe na ɗauko farin zare na bi gefen kowane tabo da ƙananan ɗinki, na fitar masa da iyaka. Kwana huɗu na yi a kai. Duk wanda ya ga bargon daga baya, wurin nan yake fara yabawa, ni kuma ban cika faɗin yadda aka yi ba.

Ranar karɓar gudummawa Goggo, ƙanwar Baba, ita ke riƙe da littafi. Duk macen da ta taso a cikinmu ta san littafin nan. Biki bashi ne: wadda ta kawo miki 500 yau, ranar nata za ki kai 1,000, shi ya sa ba a wasa da rubutawa. Mata cike da tsakar gida, ana ta miƙo kuloli da turamen atamfa da kuɗi, Goggo na faɗa da ƙarfi tana rubutawa, ana guɗa. Na bari sai da aka ragu na miƙa nawa cikin leda.

Ta warware shi. Tsakar gidan ta yi tsit.

"Wannan fa? Ina kika sayo?"

"Ni na ɗinka, Goggo."

"To madalla. Nawa zan rubuta?"

Na rasa ta cewa. Wata daga baya ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Ikon Allah, yayar amarya guda da haɗe-haɗen tsumma." Aka yi 'yar dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Goggo ta sake cewa, "Ke nake jira. In ban sa kuɗi ba, ranar naki me za ta mayar miki?" Kuma gaskiyarta. Ba wulaƙanci take nufi ba, littafin ne ba shi da gurbin irin wannan kaya.

Akwai wata tsohuwa aminiyar Inna da ke zaune a bakin ƙofa, idonta ya yi rauni. Ta ce a matso mata da shi. Ta shafa, ta kai fuskarta kusa, ta bi bangon zauren da yatsa har ta tsaya a kan wata jar atamfa mai zanen ganye. Ta ce, "La ilaha illallahu. Wannan ai ankon da muka yi ne na auren uwarku." Ta matsa gaba. "Wannan kuma da shi ta tafi Makka." Ta taɓa wuyan rigar, ba ta ce komai ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai ga mata sun taso sun kewaye, kowa na neman wanda ta sani. Goggo da kanta ta gano guntun zanen da aka goya ta da shi, ko dai haka ta ce. Ta ajiye biro ta share ido da bakin gyale. Da ta ɗauka, na leƙa na ga abin da ta rubuta a gaban sunana: "Bargon Inna, 1." Gurbin kuɗin ta ja masa layi.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Na ɗinka masa hannaye biyar a sama don a zura sanda a rataye shi a bangon falo. 'Yan jere suka ce bai shiga da labule ba, kujerun ma ruwan zuma ne. Suka ninke shi suka tura saman sif. Na je gidan sau uku ina satar kallon bango, ban ce uffan ba.

Sai bayan shekara, ranar sunan ɗanta na fari, na shiga ɗakin mai jego na gan shi a shimfiɗe a ƙasa, an ɗora leda a tsakiya, jariri na kwance daidai kan dagin da na farke sau uku. Gefe guda har ya sha man kaɗanya. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ƙanwata ta lura. Ta ce, "Yaya, kada ki ga laifina. Wallahi in ba a kansa ba, ba ya barci." Na buɗe baki zan yi magana, sai wata baƙuwa daga dangin mijin, wadda tun shigowata take juya gefen bargon tana duba ɗinkin ta baya, ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah, ke kika yi wannan? Mahaifiyata ta rasu bara, kayanta na nan a akwati na kasa buɗewa. Nawa za ki yi mini irinsa?"

Tambayar Goggo ce ta dawo, wannan karon kuma ba wanda zai ja mini layi. Kunya ta kama ni, na faɗi kuɗin da ko zare da motar Kano ba zai biya ba. Ta ce ta amince tun ban rufe baki ba. Yadda akwatin nan ya iso gidanmu, da abin da na tarar a ƙasansa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.