Zama a jirgin kanal a Ingila: maɗaura da ƙarfe kafin komai

Tsadar haya ce ke tura yawancin mutane bakin kanal a Ingila, ni ma ita ta tura ni. Ka ga jirgi mai ɗakin kwana da kicin da bandaki, kuɗinsa bai kai rubu'in na gida ba, sai ka ce ai ga mafita. Zaman yana yiwuwa, ina cikinsa. Sai dai abubuwa biyu ne ke riƙe da shi, kuma babu ɗayansu da ke fitowa a hoton talla: inda doka ta yarda ka ɗaure jirgin, da kaurin ƙarfen da ke cikin ruwa. Fenti da labule da katakon kicin a bar su sai ƙarshe.

Kanal hanyoyin ruwa ne da aka haƙa don dakon kwal da sauran kaya, irin na Bridgewater da aka buɗe a 1761. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 a Ingila da Wales. Inda ƙasa ta yi tudu akwai matakalar ruwa, ɗaki mai ƙofa gaba da baya da ake cikawa ko a zubar don jirgi ya hau ko ya sauka, kuma girman wannan ɗaki ne ya yanka wa jirgin girmansa. Ga jirgin da zai shiga siraran matakalu, faɗi ƙafa 6 da inci 10, ba ƙari. Tsawo yana kaiwa ƙafa 70 da 'yan kai, amma na zaɓi mai ƙafa 57, domin matakalun Calder da Hebble a Yorkshire gajeru ne, na hanyar Leeds zuwa Liverpool kuma yawancinsu ba sa ɗaukar abin da ya wuce ƙafa 62. Mai ƙafa 57 yana shiga kusan ko'ina, shi ya sa ya fi saurin samun mai saye ran da ka tashi rabuwa da shi.

Maganar maɗaura a gama ta kafin a je kallon jirgi ko ɗaya. Hanya biyu ce. Ko ka kama wuri na dindindin kana biya, ko ka yi rajista a matsayin mai yawo. Wurin dindindin ma iri biyu ne: wanda ƙaramar hukuma ta amince a zauna a cikinsa kamar gida, da na masu zuwa hutu. Na farkon ya yi ƙaranci, ana bin layi, a Landan kuɗinsa na wata yana gogayya da hayar ɗaki, ga harajin gida a kai. Na biyun ya fi sauƙi, wasu masu tasha suna kau da kai idan ka tare, amma ran da suka ce ka tashi ba ka da bakin magana.

Mai yawo kuwa dokar 1995 ce ke kansa: kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya, kuma tafiyar ta zama ta gaske. Kai-komo tsakanin gadoji biyu kusa da wurin aikinka ba ya shiga lissafi. Ma'aikatan hukumar suna bin gaɓa suna rubuta lambar kowane jirgi, suna so su ga zangonka na shekara ya kai mil 20 ko fiye. Wanda ya gaza sai a ba shi lasisin jirgi na wata shida maimakon na shekara, in bai gyara ba a hana shi, daga nan sai fitar da jirgin daga ruwa. Tun 2024 ma akwai ƙarin kuɗi a lasisin masu yawo. Duk mai yara 'yan makaranta, ko mai aikin da sai ya isa da asuba, ya buɗe taswira ya duba tashoshin jirgin ƙasa da ke bin kanal ɗin kafin ya ce zai iya.

Sai ƙarfe. A takardar talla za ka ga lambobi kamar 10/6/4, ma'ana kaurin gindi milimita 10, gefe 6, ginin sama 4. Wannan kaurin ranar da aka ƙera shi ne, abin da ya rage yau safiyon jirgi, wato ƙwararren mai auna lafiyar jikinsa, shi kaɗai zai gaya maka. Kai za ka ɗauko shi, kai za ka biya shi da kuɗin fito da jirgin kan tudu; rahoton da mai jirgi ya miƙo maka na shekarun baya karatu ne kawai. Ka je da kanka ranar. Za a wanke jikin da ruwa mai ƙarfi, safiyo ya bi shi yana kankare kwalta wuri-wuri, ya ɗora na'urar awon kauri, ya rubuta lamba da alli a jikin ƙarfen: 5.8, 5.9, 5.6. Inda zai daɗe shi ne daidai layin ruwa, wurin da iska da ruwa ke haɗuwa, nan tsatsa ke cin ƙananan ramuka. Rami mai zurfin milimita 2.5 a gefe mai 6 ya bar maka 3.5, kamfanonin inshora da yawa kuma ba sa ba da cikakkiyar inshora in ƙarfe ya gaza 4. Ramuka kaɗan mai walda zai cike su. In sun yi yawa sai an lulluɓe da sabon faranti, aikin dubban fam, ga nauyin da zai ƙara nutsar da jirgin har ramukan fitar ruwan kicin su matso kusa da ruwa. A ganina jirgi mai tsohon kicin da lafiyayyen gindi ya fi mai sheƙi da aka lulluɓe ba a san wa ya yi waldar ba.

Ciniki yawanci ta hannun dillali ne, akwai su da yawa a kewayen Braunston, wani ƙauyen mahaɗar kanal a tsakiyar Ingila. Ka ba da kafin alƙalami bisa sharaɗin sakamakon awo, a rubuce, don in an sami aibi a rage kuɗi ko a mayar maka da naka. Jirgi ba shi da takardar mallaka irin ta gida, saboda haka ka nemi takardun cinikin baya da tsofaffin rasit, ka tabbata babu bashi a kansa. Banki ba ya ba da rancen gida a kan jirgi, rancen da ake samu mai ruwa ne, wanda ke gudun riba sai ya tara kuɗinsa. Kada kuma a zuba duka a saye. Lasisin mai ƙafa 57 ya haura fam 1,000 a shekara, ba a ba da shi sai da inshora da takardar shaidar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara huɗu. Duk shekara biyu zuwa uku a fito da shi a shafe gindin da kwalta, a duba dunƙulen magnesiyam da aka liƙa don tsatsa ta ci su a madadin ƙarfen.

Da ka tare, kai ne NEPA, kai ne mai ruwa, kai ne mai kwasar masai. Wuta ta fi ba sababbi wahala. Batir huɗu masu 110Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) sun ba ka 440, amma rabi kaɗai za ka taɓa, in kana zuƙe su fiye da haka ba za su daɗe ba. Abin da ya fi kashe su shi ne rashin cika: injin yana kai su kashi 80 da wuri, ragowar kashi 20 kuwa sai an yi sa'o'i, mutum ya gaji ya kashe, kullum haka, kafin sanyi ya wuce sun mutu. Daga Afrilu zuwa Satumba sola tana riƙe firij da fitilu da kwamfuta ba tare da an tayar da inji ba. A Disamba abin da take bayarwa bai taka kara ya karya ba, kuma ba a yarda ka kunna inji ko janareta a maɗaura ba sai tsakanin ƙarfe 8 na safe da 8 na dare. Mai dawowa daga aiki bayan isha ya lissafa wannan. Batirin litiyam ya rage matsalar, amma ba a cajinsa in sanyi ya kai na ƙanƙara.

Tankin ruwa yana goshin jirgi, nawa lita 500 ne, yana kai mutum biyu mako ɗaya zuwa biyu in ana wanka da lissafi. Ana cikawa da tiyo a famfunan hukumar, da makullin da ke buɗe su duka. Bandaki ko dai babban tanki ne da ake biya a zuƙe, ko ƙaramin akwati mai cin lita 17 ko makamancin haka da kake ciro shi ka kai wurin zubarwa. Mu masu tsarki da buta akwatinmu ya fi na maƙwabta saurin cika, saboda haka a sayi na ajiya biyu tun farko. Alƙibla ma tana sauyawa duk inda ka ɗaure. Daga Ingila kudu maso gabas take, amma a auna ta a kan gaɓa, domin ƙarfen jirgin yana ruɗa kamfas har da na waya. A bar fili a falo da zai ɗauki dadduma ta kowace fuska, tunda faɗin ciki ƙafa shida ne kacal.

Ɗumi daga murhun ƙarfe yake, mai cin kwal marar hayaƙi, kamar buhu biyu masu kilo 25 a mako in sanyi ya kankama. Akwai jiragen 'yan kasuwa da ke bin kanal suna sayar da kwal da dizal da tukunyar gas. Kada a toshe ramukan shan iska don jin ɗumi, kada a ajiye toka mai zafi a ciki, a share bututun hayaƙi a kai a kai; iskar guba marar wari ta kashe mutane a jirage, shi ya sa tun 2019 ƙararrawarta ta zama dole. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo gindin jirgi yake taruwa, don haka tukunyar tana zama a akwatinta mai ramin fita waje.

Injin dizal ne, yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, a sauya baƙin mai da filta duk awa 250, gudu kuma ba ya wuce mil huɗu. In ka ji sandar tuƙi tana rawa, jirgin ya daina ja, leda ko igiya ce ta naɗe farfela. Ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka buɗe murfin da ke bisa farfelar, ka zura hannu har kafaɗa cikin ruwan da a Janairu yake sa yatsu su mutu cikin minti ɗaya, ka yanke abin da wuƙa. Sannan ka mayar da murfin ka ɗaure shi tam, ka sa giya ka leƙa ko yana fesowa, domin farfela tana iya cika ɗakin inji da ruwa ta wannan rami. Kowace yamma bayan tafiya a murɗa giris a inda sandar farfela ta ratsa jiki har ɗigon ya tsaya. A matakala kuwa, in ana sauka, a tsaya gaban farin layin da aka zana a bango, don akwai dakali a ƙarƙashin ƙofar baya. In bayan jirgin ya hau kansa ruwa na janyewa, goshi zai nutse; da ka ga haka ka rufe mafitar ruwan nan take.

Adireshi ma a tanade shi, na ɗan'uwa ko na masu karɓar wasiƙa, tunda banki da wurin aiki da ofishin shige da fice duk za su tambaya. Daga Nuwamba zuwa Maris hukumar tana rufe wasu matakalu don gyara, tana fitar da jadawalin tun kafin lokacin, a duba shi kada a rufe ka a zangon da babu famfo. In aka yi hasashen ƙanƙara, ka cika tanki, ka zubar da akwatunan bandaki, ka ɗaure kusa da titin da mota za ta iya kawo maka kwal, domin kanal yana iya daskarewa mako guda ko fiye.