Na ƙara naira 100 a kan kwalbar yaji, abin da ya shigo aljihuna ya ragu

Yaji nake sayarwa, da daddawa da garin kuka, daga ɗakina a unguwar Agege da ke Legas. Yawancin masu sayen ba su taɓa ganin fuskata ba, a Instagram suke ganin kaya su yi oda, wasu daga Lekki, wasu daga Ajah ko Surulere, har da Yarbawa masu son yajin suya. Na koma karɓar kuɗi ta hanyar kamfanin biyan kuɗi na intanet ne a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, alat na bogi kuma ya yi yawa. Buɗe asusu bai ba ni wahala ba, kuɗi ma suna shigowa. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

Abin da aka rubuta a shafinsu shi ne kashi 1.5 cikin 100, da ƙarin naira 100 a kan kowane biya. Idan kuɗin bai kai 2,500 ba an yafe ɗarin, kuma komai yawan ciniki caji ba zai wuce 2,000 ba. Ni dai kashi 1.5 ɗin nan ne ya tsaya mini a ido, na ce ai wannan ba komai ba ne.

Kwalbar yajina a lokacin 2,400 ce. Kamfani ya cire 36, in karɓi 2,364. Sai barkono da citta suka tashi a kasuwar Mile 12, kuɗin kwalba ma ya tashi, na yi ta juya maganar a raina kafin na ƙara naira 100 kacal, don kada masu saye su gudu. Kwalba ta koma 2,500. Da kuɗin farko suka sauka a asusuna sai na ga 2,362 da 'yan kwabbai. Na sake dubawa. Kwastoma ya biya ƙarin naira 100, ni na sha kunyar sanar da ƙarin farashi, wasu har sun yi mini ƙorafi, amma abin da ya iso hannuna bai kai na da ba. Ƙarin gaba ɗayansa ya tafi wajen kamfani, har da ɗan ciko daga aljihuna. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Babu wanda ya sace mini komai, a rubuce yake. Sai dai rubutu daban, abin da yake yi wa ƙaramin ɗan kasuwa daban. Ribata a kwalba ɗaya ba ta wuce naira 500 ba idan an cire kayan haɗi, niƙa, kwalba da takardar da ake mannawa. Cajin 137 da rabi ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ribar. Su a kan ciniki suke lissafi, ni kuwa da riba nake ciyar da gida.

Wani kawuna yana sayar da shadda da leshi a kasuwar Balogun, shi ma yana karɓar kuɗi ta irin wannan hanya. Da na kai masa kuka sai ya yi dariya ya ce, "Haba 'yata, a kan naira ɗari kike wannan tada jijiyar wuya?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, idan aka saya maka kayan 400,000, nawa ake cire maka?" Ya ce 2,000. Na ce to kai rabin kashi ɗaya cikin 100 kake biya, ni mai kwalbar 2,500 ina biyan kashi 5 da rabi, ninki goma sha ɗaya kenan. Ya yi shiru, can ya ce Allah ya kyauta. Daga wajen 127,000 zuwa sama caji ya daina ƙaruwa, wato duk wanda cinikinsa ya wuce nan an yi masa rumfa, mu na ƙasa ne rana ke duka.

Ga kuma kuɗin kai kaya. Mai babur daga Agege zuwa Ajah ba ya karɓar ƙaramin kuɗi, wani lokaci kuɗinsa ya fi na yajin. A da ina haɗa kuɗin kaya da na kai saƙo a biya ɗaya don sauƙin kwastoma. Kwalbar 2,400 da kuɗin babur 3,000 sun zama 5,400, caji ya zama 181. Kenan tun kafin in ƙara farashi, ɗarin nan tana cina a duk odar da ke da kuɗin babur, a kan kuɗin da ba nawa ba ne, na mai babur ne, kuma cif-cif zan miƙa masa.

Ba zan ce ba sa aiki ba, kar in ɗauki alhaki. Kuɗin da suke cirewa ba su kaɗai ke ci ba. Bankin da ya ba kwastoma kati yana da rabo, masu katin kamar Visa, Mastercard ko Verve suna da nasu, haka masu haɗa bankuna da juna. Akwai ma'aikata, akwai tsaron bayanan kati, akwai yaƙi da 'yan damfara. Tun da na koma wajensu ba a sake nuna mini hoton alat na ƙarya an tafi da kayana ba, kuma ƙarfe biyun dare mutum zai iya biya ina barci. Wata 'yar Kano da ke zaune a Ingila ta saya wa mahaifiyarta kaya da katin can, an cire kashi 3.9 da naira 100, ban yi ƙorafi ba, domin ba don su ba wannan cinikin ba zai yiwu ba sam. Kashi 1.5 ɗin na yarda da shi. Ɗarin ce ban yarda da ita ba.

Dalilina kuwa ga shi. A jadawalin caje-caje da Babban Bankin Najeriya ya fitar wanda ya fara aiki a Janairun 2020, tura kuɗi daga banki zuwa banki naira 10 ne idan bai wuce 5,000 ba, 25 har zuwa 50,000, sai 50 abin da ya haura haka. Cajin ɗan kasuwa a na'urar POS kuma rabin kashi ɗaya cikin 100 ne, iyakarsa 1,000. To yawancin kwastomomina idan sun buɗe shafin biya ba kati suke sakawa ba, tiransifa suke zaɓa, amma a inda nake caji ɗaya ne. A irin wannan biyan babu mai kati da za a ba rabo. Me ya sa zan biya 137 a kan abin da banki ke yi a naira 10? Na san sun ƙara mini tabbacin cewa kuɗi sun shigo da gaske, amma tazarar ta yi yawa. Kuma sana'ar ba ta asara ba ce: a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi na intanet da aka kafa a nan Legas, a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

Akwai kuma jinkirin da ba a sa shi a lissafin caji. Kuɗi sai washegari ranar aiki suke sauka. Cinikin Juma'a da yamma sai Litinin, idan hutun Sallah ya haɗu da ƙarshen mako kuwa, daidai lokacin da yaji ya fi tafiya saboda naman layya, sai in zauna ina kallon kuɗina a waya ba halin taɓawa, mai barkono a Mile 12 kuma ba ya ba da bashi a irin wannan mako.

Na gwada ɗora wa kwastoma cajin, domin akwai wurin da ake zaɓar hakan. Bai yi kyau ba. Mutum ya ga 2,500 a hoto, ya zo biya ya ga ta haura 2,600, sai ya turo saƙo, "Hajiya, wannan ƙarin na mene ne?" Wasu ba sa ma tambaya, ficewa kawai suke yi.

Yanzu ga yadda nake yi. Kwalba ɗaya na mayar da ita 2,450, ƙasa da layin, caji bai kai naira 37 ba, abin da nake karɓa ya haura 2,400. Da rage farashi na fi samu, abin dariya abin haushi. Kuɗin babur kwastoma ke biyan mai babur hannu da hannu idan ya iso. Na kuma fara haɗa kwalba uku a oda ɗaya, ko yaji da daddawa da kuka tare, domin ɗarin sau ɗaya ake cirewa a kowane biya, ba a kowace kwalba ba. Tsofaffin kwastomomi da na san su, asusun bankina nake tura musu kai tsaye, sai na ga kuɗi a manhajar banki da idona kafin kaya su bar gida, ba hoton da aka turo ba. Linkin kamfanin na bar wa baƙi da na ƙasar waje da oda masu nauyi.

Duk mai ƙaramar sana'a da ke shirin shiga, ya ɗauki kayansa mafi arha, ya lissafa cajin a kan ribarsa, ya kuma duba inda layin yafe ɗarin yake kafin ya taɓa farashi. Matsalar ita ce 2,450 ba za ta ɗore ba. Barkono ya sake tashi, kuma na riga na lissafa: ranar da dole ta sa na haura layin, sai dai in yi tsalle zuwa 2,800, domin duk abin da ke ƙasa da 2,600 aikin banza ne.