Birin Lekki da Ƙuli-ƙulina

Shanu ne suka kai ni Ikko, kallon biri tsintuwa ce. Mun yi lodi a kasuwar Wudil ranar Juma'a, muka bi Zariya, Kaduna, Tegina da Mokwa, muka haye gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Badun. Kwana biyu a saman tirela, kafin mu sauke a karar Oko-Oba da ke Agege ƙasusuwana duk sun yi tsami. Ciniki ya ja mu har ƙarshen mako.

Ranar Asabar ɗan ƙanwata, wanda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ya same ni wajen mai shayi. Na gama da burodin Agege da ƙwai uku, ina sharce ragowar balangun jiya, kitsen ya daskare a takarda. Ya dubi takardar bai ce komai ba, sai cewa ya yi, "Kawu, shekara nawa kana zuwa garin nan, daga kara sai masallaci sai tasha. Yau dai ka ga daji."

Gadar Third Mainland da safen nan fayau take, kusan kilomita 12 a kan ruwa, muka shanye ta kamar wasa. Kafin hantsi mun isa gandun Lekki, wanda aka kafa a 1990: hekta 78 na fadama da kurmi, gidajen masu kuɗi sun yi masa zobe. Katako aka shimfiɗa a kan ruwa ake takawa. Ba mu yi nisa ba na zaro ƙuli-ƙulina daga aljihu. Wallahi ban ga ta inda ya fito ba. Wani biri, irin da suke kira mona, mai farin ƙirji da doguwar wutsiya, ya fizge ledar ya haye reshe, ya dinga cusawa a kumatu har suka yi tulu-tulu. Wani ma'aikaci ya ja min kunne a kan fito da abinci. Na ce ai ba kyauta na yi ba, fashi aka yi min.

Na ce wa yaron, wannan man gyaɗa ba zai ɓata masa ciki ba? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, akwai masanan da albashinsu ke fitowa daga wannan tambayar."

Muka zauna a benci. Ya ce ba a nan ake yi ba, waɗannan birai 'yan kansu ne. A ɗakunan bincike na waje ne, musamman Amurka. Biri zai kwana bai ci komai ba. Da safe a ɗebi jininsa, sannan a ba shi maiƙo awo guda daidai nauyin jikinsa, a ci gaba da ɗibar jini kaɗan-kaɗan bayan kowace awa ɗaya ko biyu har yamma. Kowace kwalba a saka ta a injin da ke wulwula jini, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwan ya taso. Na azumi garai yake, ruwan ɗorawa-ɗorawa. Na bayan cin maiƙo kuwa sai ya gurɓace, wani ma har ya yi kama da tsinkakken nono.

Abin da ya fi ɗaure min kai hanyar da maiƙon ke bi. Ni da na girma cikin fawa, na ɗauka duk abin da aka ci hanta yake fara nufa. Ashe maiƙo ratse yake yi. Ruwan madaciya ya farfasa shi a hanji, bangon hanjin ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana, ya tura shi ta wasu siraran fararen jijiyoyi da ke cikin tantanin nan mai kitse da muke yagewa a jikin hanji. Su haura da shi ta ƙirji, su juye cikin jini a gindin wuya ta hagu. Wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, ya ga jijiyoyin a 1622 da ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba. Da ya buɗe na kare mai yunwa, bai gan su ba. Sau dubu nawa hannuna ya taɓa wurin nan? Kuɗin kayan ciki kawai nake gani.

Na ce to me ya sa biri, ɓera ya ƙare ne? Ya ce ɓera akasarin kwalastaral ɗinsa, wato wani irin kitse da ke yawo a jini, a cikin nau'in da ake kira mai kyau yake ɗauke da shi, jijiyoyinsa ba sa saurin toshewa. Biri kuwa tsarin jininsa ya fi kusa da namu. Na ce ashe dai da gaske biri ya yi kama da mutum. A jami'ar Wake Forest an ciyar da koren biri shekara biyar, wasu da manja, wasu da man tsirrai iri biyu, aka wallafa sakamakon a 1995: waɗanda suka ci man da ya fi tsinkewa su suka fi ƙarancin toshewar jijiyoyin zuciya. Irin wannan birin ma ɗan Afirka ta Yamma ne. A jiragen bayi kakanninsa suka tsallaka zuwa tsibirin St. Kitts, daga can masu bincike ke ɗebo su.

Nan fa raina ya ɗan sosu. Na ɗaga kai na dubi ɓarawona yana lasar yatsu, na tuna ɗan'uwansa a keji ana bin sa da allura. Ni da ke kai dabba ga wuƙa ba ni da bakin wa'azi, amma saniya sau ɗaya take ganin wuƙar.

Yaron ya duba agogo. "Kawu, sha ɗaya ta yi. A jikin mutum maiƙo kan kai ƙololuwa awa uku zuwa huɗu bayan ci, ya ɗauki shida zuwa takwas kafin ya washe. Da zan ɗebi naka yanzu, da ka ga balangun nan da idonka." Na ce bara an gwada ni a Kano aka ce lafiya lau. Ya tambaya ko da azumi na je. Na ce haka suka umarta. Ya yi shiru.

Gadar igiyar nan tasu mai tsawon mita 401 kuwa, na taka zango ɗaya, ta yi lilo, na ce na yafe.

Da la'asar muka juyo. Titin Lekki ya cushe, 'yan biki da anko ko'ina, danfo na kutse, masu talla na ratsa tsakanin motoci. Gadar da muka shanye da safe, yanzu taku ake yi. A nan ya ba ni amsar da ya haɗiye: "Wanda ya ga gadar nan da asuba kaɗai, zai rantse Ikko ba cunkoso. Kai kuma sau uku kake ci a rana, kafin na safe ya washe na rana ya shigo."

Sai bayan isha muka kai Agege. Mai tsiren da na saba da shi, wani Bakatsine, yana hango ni ya jawo ɓangaren tozo.

"Alhaji, kamar kullum?"

Na ce ya yanko jan nama. Ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallona, ya ce ko ciniki ne bai yi daɗi ba. Yaron ya juya baya yana amsa waya, na yi wa mutumin nuni da yatsa ɗaya, ya tura yanka guda na tozon ƙarƙashin albasa.